Lacca kan hamonik a celo: taɓawa ake yi, ba a dannawa

To jama'a, salamu alaikum. Na baya ku ɗan matso, yau abin na kunne ne.

Celo dai kun san shi, babban gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, C, G, D da A. Ita A ɗin nan in ka goga ta haka nan tana kaɗawa sau 220 a sakan ɗaya. To yanzu ku kalli yatsana, na ɗora shi daidai tsakiyarta, ban danna ba fa, taɓawa kawai kamar mai duba ko tukunya ta huce. Kun ji wata 'yar siririyar murya kamar sarewa? Hamonik kenan. Tsirkiyar ce ta rabu gida biyu, kowane ɓari na rawarsa, sai ta koma 440. Ka taɓa a kashi ɗaya cikin uku ka samu 660, a kwata 880.

Matsalar ɗalibai kullum tsoro ne, da sun ji an ce a taɓa a hankali sai su saki hannun dama mai goga tsirkiyar shi ma, sautin ya fito kamar kukan ƙofa, alhali hagu ne kaɗai ke lallaɓawa, dama kam ja zai yi da ɗan sauri kuma kusa da jaki. Wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya san goge ba shi da allon da ake danne tsirkiya a kai, don haka abin ba baƙo ba ne a wajenmu.

A takarda kuma, in ka ga ɗan zagaye a saman nota, wato alamar sauti a rubutun kiɗa, wannan sautin ake so ya fito. In ka ga nota mai siffar daimon, wurin da za ka taɓa ake nuna maka, ba abin da za ka ji ba. Ni na fi son daimon gaskiya, ba ya barin mutum cikin lalube.

Akwai kuma mai wahalar, babban yatsa ya danne nota sosai, yatsa na uku ya taɓa a mataki na huɗu sama da ita, sautin ya haura okteb biyu, wato kaɗawar ta ninka sau huɗu. Ana rubuta notar a ƙasa, daimon a samanta. Da irinsa Shostakovich, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ya buɗe kiɗansa na mutum uku a 1944, celo shi kaɗai, ko da ƙaramin gogen Turawa, wato violin, ya shigo celon ne a sama.

Yauwa, kowa ya ɗauki nasa, mu fara da tsakiyar D.