Kiwon Ƙwayar Maleriya a Ƙwayoyin Hanta

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Idan sauro mai maleriya ya cije ka yau, ba yau za ka kwanta ba. Ƙwayar da ya tofa maka hanta take nufa, ta shige cikin ƙwayar halitta guda ta yi lamo. Falsifarum, nau'in ƙwayar maleriyar da ta fi addabar mu a nan, kwana shida zuwa bakwai take yi a wurin, ɗaya ta zama dubun dubata, kai kuwa kana ta harkokinka, ko ciwon kai babu. Shortt da Garnham ne suka gano wannan zango a hantar biri, a Ingila, a 1948.

Daga hanta ƙwayar ke fita ta shiga jini. Ta cikin jinin an daɗe da iya kiwonta a ɗakin gwaji. A 1976 Trager da Jensen suka raya ta a New York, cikin tulun gilas da kyandir a ciki. Kyandir fa! Ta hanta kuwa sai 1984 ayarin Dominique Mazier a Faris ya raya nau'in bibaks a ƙwayoyin hantar mutum, falsifarum ta biyo baya a 1985.

Me ya kawo wahalar? Sauro. Dole ka yi kiwonsa, ka shayar da shi jini mai cutar, ka jira sama da mako biyu, sannan ka zauna gaban madubin likita kana fiɗar sauro ɗaya bayan ɗaya, kana zaro jakar miyansa. Ka gama wannan, datti daga jikin sauron ya bi ka cikin farantin da ake kiwon ƙwayar, fumfuna ta cinye aikin wata guda. Cikin ƙwayoyin cutar da ka zuba ma, 'yan kaɗan ne ke kamawa.

Ita kanta ƙwayar hanta, da ta rabu da jiki, kwana kaɗan sai ta daina aikin hanta. A ganina dabarar ɗakin gwajin Sangeeta Bhatia a jami'ar MIT ta Amurka, a 2013, ta fi burgewa: suka jera ƙwayoyin hantar tsibiri-tsibiri, suka kewaye su da wasu ƙwayoyi masu tallafa musu, sai ga su da rai har makonni.

Makonnin nan ake nema, domin bibaks tana barin wasu ƙwayoyinta suna barci a hanta, su farka bayan watanni. Magungunan firimakwin da tafenokwin suna kashe su, amma suna fasa jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, masu wannan ƙaranci kuwa suna da yawa a cikinmu. A irin wannan faranti ake gwada magungunan da za su gaje su.