Sharhi: Injin Buga Gini Ba Ya Jiran Motar Siminti

Masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi injinan nan da ke tayar da bango ba tare da bulo ba, suna zuba kwaɓin siminti layi bisa layi yadda kwamfuta ta zana musu, wato fasahar 3D. A 2019 kamfanin Apis Cor ya kammala wani gini mai tsayin mita 9.5 a Dubai da irin wannan inji, a 2021 kuma kamfanin 14Trees ya buga makaranta a Malawi. Idon jama'a na kan injin, amma wanda ya san aikin hankalinsa na kan hanyar da kaya ke bi kafin su iso bakinsa.

Mu yi ɗan lissafi. Idan faɗin layi santimita 5 ne, kaurinsa santimita 2, injin kuma yana tafiyar santimita 25 a daƙiƙa, to a awa guda zai ci kusan tan 2 na kwaɓi. A aikin awa 8, tan 16 ke nan. Dole wannan kaya ya kasance a wurin, a rufe, kafin a kunna inji. Birkila in siminti ya ƙare masa sai ya jira gobe, bulonsa na nan. Inji kuwa in ya tsaya a tsakiyar bango, layin ƙasa zai bushe, na sama ya ƙi kama shi da kyau. Wannan gaɓar ce ke zama hanyar ruwa da tsagewa nan gaba. Ga kuma kwaɓin da ya saura cikin tiyo: in ba a wanke shi da gaggawa ba, zai daskare, a yi asarar tiyon.

Babbar shawara ita ce inda za a samo kwaɓin. Akwai busasshen haɗi da masana'anta ke cikawa a manyan buhuna, ruwa kawai za a zuba. Ingancinsa ɗaya ne kullum, sai dai ana biyan kuɗin dakon yashi daga nesa, kuma ranka na hannun dila ɗaya. Kaya su maƙale a tashar jiragen ruwa, aiki ya tsaya cik. Ɗaya hanyar ita ce siminti da yashi da ƙananan tsakuwa na kusa, a ƙara musu ɗan sinadari, kamar tsarin D.fab na kamfanonin COBOD da Cemex. A ganina wannan ta fi ɗorewa, amma fa nauyin gwaji ya dawo kan mai aiki.

Yashi ne ya fi yaudara. Motar da ta zo bayan ruwan sama tana ɗauke da ruwan da ba ya cikin lissafi. In ba a auna danshinsa an rage ruwan kwaɓi ba, layukan ƙasa za su baje, bango ya karkace. In ruwan ya yi kaɗan, layi ya riƙa yankewa, famfon da ke tura kwaɓi ya toshe. Don haka kowace mota a auna danshinta, a tankaɗe ta, domin dutse guda da ya wuce ƙima ya isa ya toshe bakin inji. A tsaya kan ramin yashi ɗaya da nau'in siminti ɗaya. In an sauya, a sake buga bangon gwaji. Siminti kuma a ɗora shi kan katako, wanda ya fara shigowa sito shi zai fara fita, wanda ya haura wata 3 a gwada shi tukuna. Sinadaran ma suna da wa'adi, kuma zafi na lalata su.

Kada a manta da safaya. Robar cikin famfo yashi ke cinye ta a hankali, saboda haka ita da tiyo da bakin inji a ajiye na canji a wurin aiki, tare da janareto.

Sannan bango kaɗai injin ke yi. Harsashi, rufi, ƙofofi da tagogi duk aikin hannu ne, kuma wasu kayan ana sa su ne inji na tafiya. Ƙarfen ɗaure bango da dogarin saman taga su iso a yanke, da lambar layin da za su shiga, mai ɗora su kuma yana tsaye kafin inji ya zagayo.