Yadda ake kama hankalin jama'a tun farkon jawabi

Masu kallo, barkanku da warhaka. A tarukan da ake yi a Yamai, sau da yawa mai jawabi yakan karɓi makirufo ya shiga jero manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙaminsa, har kafin ya taɓo maganar da ta kawo shi, jama'a sun sunkuyar da kai a kan salula. Girmama manya wajibi ne, ba mu ce a bari ba, amma ya isa a ambaci shugaban taro da sarakuna da malamai, sauran a haɗa su cikin gaisuwa guda.

Abin da ya fi kama hankali shi ne a sa mai sauraro ya buɗe baki. Mai tatsuniya ba ya farawa sai ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku", yara sun amsa "Ta zo mu ji ta", domin wanda ya amsa ya riga ya shigo cikin zancen. Haka sallama take, idan mai jawabi ya dakata aka amsa masa kafin ya ci gaba.

Mu ɗauka wani malamin gona zai yi wa manoman jihar Tawa bayani a kan ajiyar albasa. Maimakon dogon tarihin aikinsa, sai ya ɗaga albasar Galmi guda wadda ta fara ruɓewa, ya yi shiru har kowa ya gan ta, sannan ya ce: "Iyayena da ƴan'uwana, wane ne a cikinku bai taɓa buɗe rumbunsa ya tarar da irin wannan ba?" Kowa ya san zafin wannan asara, saboda haka duk abin da zai biyo baya za a kasa masa kunne.

Barkwanci ma yana buɗe zaure, musamman wasan taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014. Bagobiri yana iya zolayar Zabarmawa a yi dariya, amma sai ya tabbata akwai wasan a tsakaninsa da waɗanda yake zolaya, in ba haka ba zolayar ta zama cin fuska. Neman afuwa kuwa, irin "ban shirya ba", a bar shi gaba ɗaya, domin yana ba jama'a izinin daina sauraro tun ba a fara ba.