Wa ake koya wa shugabanci a Laberiya?

Jama'a masu sauraro, da zarar zaɓe ya ƙarato a Laberiya, sai a tara mata a ɗakin taron otel a Monrobiya, wai ana horar da su shugabanci. A raba biro da littafi, a ci shinkafa da kaza, kowace ta riƙe takardar shaida a ɗauki hoto, a watse. Ni dai abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wa ake koya wa?

Matan nan ne fa, Kirista da Musulmi, suka sa fararen riguna a 2003, suka zauna a fili kusa da kasuwar kifi, rana ta dake su, ruwa ya dake su, har shugaban ƙasa na lokacin, Charles Taylor, ya yarda ya saurare su. Su ne suka bi shugabannin 'yan tawaye har Akara, inda Janar Abdulsalami Abubakar ke shiga tsakani, suka zauna a bakin ƙofar zauren suka ce ba mai fita sai an daidaita. Da jami'an tsaro suka zo kama jagorarsu Leymah Gbowee, cewa ta yi za ta tuɓe a gabansu, suka ja da baya. A watan Agusta aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, yaƙin shekara 14 ya tsaya. A 2005 matan kasuwa suka fito suka ɗora Ellen Johnson Sirleaf kan mulki.

To yau fa? Bayan zaɓen 2023, mata takwas ne kacal a majalisar wakilai mai kujera 73. Takwas!

Masu cewa mata ba su shirya ba su gaya mana: wace bita Prince Johnson ya halarta, mutumin da mayaƙansa suka kashe shugaban ƙasa Samuel Doe, kafin ya zama sanata daga 2006 har rasuwarsa? Ba wanda ya tambaye shi takardar shaida. Yana da jama'a, yana da kuɗi, yana da tikiti.

Tikitin nan shi ne maganar. Majalisa ta amince a tilasta wa jam'iyyu ba mata kashi 30 cikin ɗari na takara, shugaban ƙasa na lokacin, George Weah, ya ƙi sa hannu. Ga Saliyo nan maƙwabciya, ita ma ta sha yaƙi har 2002. Ta kafa irin wannan doka a farkon 2023, kuma a zaɓen shekarar mata a majalisa suka tashi daga ƙasa da kashi 15 zuwa kusan kashi 30. Ba wata sabuwar bita aka ƙirƙiro ba, ƙofar aka buɗe.

Ban ce horo banza ba ne. Sanin kasafin kuɗi da tsara ƙudiri yana da amfani, ga mace da namiji duka. Amma a koya wa mace jawabi na kwana uku, sannan daren fidda gwani 'yan maza su kulle ɗaki su raba tikiti a tsakaninsu, wannan kuma raini ne.