Jawabin Ma'ajin Ƙungiya kan Injin Caca da Kuɗin Adashi

Shugaba, ina neman alfarma a bar ni in ajiye rahoton kuɗi zuwa ƙarshe, domin maganar da ta hana ni barci mako biyu ta fi shi nauyi. Ɗaya daga cikinmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba, kuma ina roƙonku don Allah kada kowa ya bincika, ya kwashi adashinsa a watan jiya, kuɗin da ya shekara yana zubi domin ya rufa wa mahaifiyarsa ɗaki a gida kafin damina, ya kai su wani shagon caca a nan Manchester, cikin dare uku suka ƙare. Ya zo gidana bayan sallar Asuba da rigar aikin gadi a jikinsa, shayin da aka kawo masa ya huce bai taɓa ba, abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne injin ya ci da yawa, saura ƙiris ya amayar.

Hukuncin caca malamanmu sun karanta mana shi a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, shi ma ya san shi. Abin da bai sani ba shi ne yadda injin yake aiki. A cikinsa akwai 'yar kwamfuta da ke fitar da lambobi barkatai ba dare ba rana, ko da mutum a gabansa ko babu, kuma lambar da ta faɗo daidai lokacin da ka danna ita ce sakamakonka. Hotunan da ke juyawa ado ne, an riga an gama hukunci kafin su tsaya. Injin ba ya tuna abin da ya ci jiya, ba ya ƙoshi balle ya amayar, don haka wanda ya yi asara sau ɗari a jere, damarsa a dannawa ta gaba daidai take da ta wanda ya shigo yanzu. Da ɗan'uwanmu ya san wannan, da bai koma a dare na biyu ba.

Sai lissafin da ake rubutawa a jikin injin, cewa yana mayar da, misali, kashi 95 cikin ɗari. Mutane suna ɗauka idan suka sa fam 100 za su tashi da 95. Wannan lissafi an yi shi ne a kan miliyoyin dannawa na dukkan masu wasa, kuma ana cire kason gidan ne daga duk abin da ka zuba, har da wanda ka ci ka mayar. Ku lissafa tare da ni: fam 2, sau goma a minti, ya zama fam 1,200 a awa guda, kashi biyar ɗinsa fam 60, wato gumin kusan awa biyar na mai ƙaramin albashi, wanda ya tsaya cikin sanyin nan yana gadi. Shi kuma abin da ɗan'uwanmu ya kira "saura ƙiris", tun 1984 wani ɗan Norway mai suna Inge Telnaes ya yi rajistar dabara a Amurka wadda ta ba masu ƙera injin damar rage yawan fitowar hoton babbar kyauta a kan layin da ake cin kuɗi alhali ido yana ganinsa yana wucewa.

Hukumar ƙasar nan da kanta ta ga ɓarnar. A Afrilun 2019 aka rage mafi girman zubi a injinan shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2, a 2021 aka hana injinan intanet juya kansu, a 2025 aka sa musu iyakar fam 5, fam 2 ga 'yan shekara 18 zuwa 24. Da wannan fam 2 ɗin na shago dai aka cinye rufin ɗakin tsohuwa.

'Yan'uwa, mu ne muka haɗa kuɗi muka yi jana'izar namu ba tare da roƙon kowa ba, mu ne muka buɗe wa yaranmu Islamiyya ranar Asabar. A gida, da mutum ya fara irin wannan tafiyar dare, kafin kwana uku kawunsa ya zaunar da shi a zaure. A nan kowa ya rufe ƙofarsa, kuma wallahi abin yana ci mini rai cewa dare uku ɗan'uwanmu yana can babu wanda ya neme shi. Wanda ya san ya faɗa, akwai GamStop da ke toshe maka shafukan cacar intanet, shagunan ma suna da tsarin da za ka sa su hana ka shiga, GamCare kuma, ƙungiyar da ke taimakon masu matsalar caca, tana amsa waya kyauta a kowane lokaci. Ni da Malam za mu raka ka, kuma maganar ba za ta fita ba.

Rahoto a taƙaice: an biya hayar zaure, asusun jana'iza yana nan yadda yake, masu bashin kuɗin wata sun san kansu, su same ni bayan taro. Shugaba, ina gabatar da shawara biyu a kaɗa ƙuri'a yau: wanda ya so, a tura masa kwasarsa gida kai tsaye ba tare da ta shiga hannunsa ba, sannan a zagaya da kwano yanzu domin rufin nan, tunda damina ta kusa.