Baƙi a Bakin Mawaƙi

Jama'a masu saurarenmu a birnin Zazzau da kewaye, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai duba wani abu da ake yi wa kallon ƙarami a harkar waƙa, wato yadda mawaƙi ke furta baƙaƙe, alhali kuwa a nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ke haniya kawai.

Wasali shi ne ke ɗaukar murya, domin a kansa ake ja, a kansa ake hawa da sauka. Amma sau da yawa ma'anar kalma tana rataye ne a jikin baƙi. A wani ɗaurin aure da na halarta a Tudun Wada, wani matashi mai zaƙin murya ya rera wa amarya cewa ita ce tsarar ango, sai dai da yake ya sassauta harshensa, abin da ya fito daga lasifika shi ne "sara". Tsofaffin da ke zaune a kan tabarma suka dubi juna, wani ya yi murmushi, yaron kuwa bai ma san ya yi ɓari ba. Irin wannan ne ke mayar da ƙaya ta zama kaya, ƙafa ta zama kafa, gaɗa ta koma gada.

Dalilin wahalar a fili yake. Malaman harshe, irin waɗanda ke koyar da Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, suna kiran ƙ da ts da sunan tunkuɗau, saboda sai an rufe maƙogwaro an tunkuɗo 'yar iskar da ke cikin baki kafin su fito, yayin da ɓ da ɗ ake ce musu haɗiyau, domin maƙogwaro kan yi ƙasa yayin furta su, kamar ana haɗiye iska. Ke nan duk lokacin da mawaƙi ya iso kan ƙ, iskar huhunsa na tsayawa na ɗan ƙiftawar ido, kuma idan bai saba ba, ko dai ya shaƙe wuyansa har muryar ta dusashe kafin a tashi daga biki, ko kuma ya gudu daga wahalar ya furta k. Gwani yakan saki baƙin da sauri, ya bar numfashinsa ya zauna a kan wasalin da ke biye. Su kuwa 'yan hanci, m da n, ba su da wannan rigima, shi ya sa ake iya guna da su baki a rufe.

Akwai kuma maganar nannage baƙi. Babba daban, baba daban, kuma tun da karin waƙar Hausa yana tafiya ne bisa nauyin gaɓa da sauƙinta, wanda ya haɗiye baƙi ɗaya daga cikin biyun ya karya ma'ana ya kuma karya kari a lokaci guda.

Na'urorin situdiyo, a ganina, sun ƙara sangarta yaranmu. Kwamfuta tana iya daidaita muryar da ta kauce, amma ba ta iya mayar da lanƙwasar da harshe ya yar. Makirufo kuma ba ya rufa asiri: wanda ya manna bakinsa a kai, f ɗinsa zai yi ta buga iska, s da sh su yi ta tsaki a kunnen mai saurare.

Abin mamaki shi ne maganin yana nan kusa da mu. A zaurukan cikin birni, malamin da ke koyar da tajwidi ba ya barin almajiri ya wuce harafi sai ya fito da shi daga mafitarsa, ko da kuwa za a kwana ana maimaitawa. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, ba kuma na haɗa su ba, amma horon harshen abin koyi ne. Mawaƙin da zai shiga ɗaukar murya gobe, ya fara karanta baitocinsa a hankali, ba kiɗa, a gaban wani dattijo, ya ga ko dattijon zai iya maimaita masa kowace kalma.