Man Lafinta: Amfaninsa, Iyakarsa, da Yadda Ake Aiki da Shi

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da wannan lokaci.

Wannan 'yar kwalba mai ruwan ƙasa da kuke gani, wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, mililita 10 ne kawai a cikinta, kuma na saye ta a wani shagon turare da ke cikin birnin Katsina. Da mai shagon ya buɗe murfin, ƙamshin ya danne na humra da na turaren wutar da ke jere a kan kanta, sannan ya shiga lissafa mini cututtukan da man ke warkarwa: rashin barci, hawan jini, ƙuna, zubewar gashi, har da zazzaɓin cizon sauro. Ban ɗauke shi maƙaryaci ba, domin abin da aka gaya masa ne ya maimaita. To amma a cikin maganar tasa akwai tsaba akwai ƙaiƙayi, kuma sheƙe su za mu yi a yau.

Sunan lafinta ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin kakanninmu sun san turaren lafinta tun kafin a haifi yawancinmu. Larabawa suna kiran tsiron khuzama, masana tsirrai kuma suna kiransa Lavandula angustifolia. Ɗan uwan na'ana'a da ɗoɗɗoya ne, gajeren tsiro mai siraran ganye da fure mai launin shuni, kuma asalinsa tsaunukan ƙasashen da ke gefen Tekun Bahar Rum. Gonakin da kuke gani yanzu, waɗanda suka miƙe jeri-jeri har iya ganin ido, na kudancin Faransa ne, inda ake girbi a tsakanin Yuli da Agusta, sai dai a shekarun nan ƙasar Bulgariya ta sha gaban Faransa wajen yawan man da ake fitarwa.

Ba matse furen ake yi ba kamar yadda ake matse gyaɗa a fitar da mai a bar ƙuli-ƙuli. Turara shi ake yi. Ana danƙare furen a cikin babbar tukunya, a tura tururi ta ƙarƙashinsa kamar yadda ake turara dambu a madambaci, sai tururin ya kwashe sinadaran ƙamshin ya bi ta cikin bututun da ruwan sanyi ke kewaye da shi. Idan ya huce ya koma ruwa, man yakan taso sama, sai a yaɗe shi. Wannan fasaha tsohuwa ce, kuma malaman Musulunci irin su Al-Kindi na Bagadaza sun yi rubutu a kanta tun ƙarni na 9. Ana buƙatar fure fiye da kilo 100 kafin a sami kilo ɗaya na mai, wato 'yar kwalbar nan ta cinye kimanin kilo guda na fure. Ina roƙon ku riƙe wannan lissafi, domin shi ne dalilin duk wani gargaɗi da zai biyo baya. Abin da aka tattara ƙarfinsa haka ba a yi masa amfanin man shafawa.

Sinadarai biyu ne suka fi yawa a cikinsa, linalul da linalil asitet, kuma su ne ke ba da ƙamshin da natsuwar da ake ji. Jijiyar shaƙar ƙamshi tana da hanya ta kusa zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da tunawa, shi ya sa ƙamshin turaren mahaifiya kan dawo wa mutum da yarintarsa nan take. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Kagoshima ta Japan sun shaƙa wa ɓeraye linalul, suka ga alamun firgici sun ragu, amma ɓerayen da ba su jin ƙamshi ba su nuna wani sauyi ba. Wannan ya nuna cewa ta hanci aikin ya bi.

Inda hujja ta fi ƙarfi a kan ɗan Adam shi ne fargaba, wato halin da zuciya ke ɗar-ɗar, tunani ya ƙi tsayawa, mutum ya kasa sakewa ko da babu wani abin tsoro a gabansa. A Jamus wani kamfanin magunguna ya sarrafa man lafinta ya zuba shi cikin ƙwanso mai miligiram 80, ana kiransa Silexan, kuma hukuma ta amince da shi a 2009. A wani gwaji da aka wallafa a 2010, an kwatanta shi da lorazefam, maganin da likitoci suka daɗe suna bayarwa, na tsawon mako 6, kuma sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan ɗaya. A 2014 an wallafa wani gwajin mafi girma, na mutum 539 cikin mako 10, inda ƙwanson ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta. Abin da ya ƙara jan hankalin likitoci shi ne ba a ga jiki yana sabawa da shi har ya kasa bari ba, kuma illar da aka fi kokawa da ita ita ce gyatsa mai ƙamshin lafinta da ɗan tashin zuciya. Duk wanda ya ga yadda ƙwayoyin sa barci suka cinye rayuwar wasu matasa da matan aure a unguwanninmu, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma a nan ne mutane suke tuntuɓe. Wancan ƙwanso magani ne da aka auna, aka tace, aka tabbatar da abin da ke cikinsa. Kwalbar kasuwa ba shi ba ce, kuma binciken Jamus bai ba kowa lasisin ɗiga ta a shayi ko a zuma ya sha ba. Shan man kai tsaye yana ƙona baki da maƙogwaro, yana tayar da ciki, kuma idan ya yi yawa yana kawo magagi da jiri. Wannan kwalba ta shaƙa ce da shafawa bayan an surka.

Game da barci, gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, kuma abin da suka nuna shi ne ɗan ƙarin daɗin barci ga masu matsala mai sauƙi. Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta sanya man a 2012 cikin magungunan gargajiya da ake amfani da su don rage gajiyar tunani da taimaka wa barci, ba ta kuma ba da shawarar amfani da shi ga yaran da ba su kai shekara 12 ba. Yadda ake yi shi ne a ɗiga ɗigo biyu ko uku a kan auduga ko hankici, a ajiye kusa da matashin kai kamar rabin sa'a kafin a kwanta. Wanda ya fi son ƙamshin ya game ɗakin, sai ya ɗiga a cikin kwanon ruwan zafi. Kada a zuba shi a kan garwashin kasko kamar turaren wuta, domin yana kama wuta, kuma zafin yana ƙona ƙamshin ya bar hayaƙi mai shaƙe maƙoshi, musamman ga mai asma. A ganina, wanda ya sha shayi mai kauri bayan isha'i sannan ya kwanta da waya a hannu har ƙarfe ɗaya, gyaran waɗannan biyun zai fi yi masa amfani fiye da kowace kwalba. Idan kuwa rashin barcin ko damuwar ta ɗauki makonni, har ta hana cin abinci ko fita neman na kai, to maganar ta likita ce, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina da manyan asibitocin jiha suna nan domin haka.

Sai shafawa. Ƙa'idar da masu sana'ar suke bi ita ce kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato ɗigo ɗaya ko biyu a cikin ƙaramin cokalin shayi na man zaitun, ko man kwakwa, ko man riɗi. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busar da fata har dunduniya ta yi faso, man kaɗanya da aka narkar aka ɗiga masa lafinta yana da daɗin shafawa, ko da yake man kaɗanyar ne ke yin aikin laushin, lafinta ƙamshi da natsuwa take ƙarawa. Kafin a shafe jiki, a fara gwada kaɗan a cikin dantse a bar shi kwana guda, idan wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi sai a haƙura. Mai wanka da bokiti ya sani cewa man ba ya haɗuwa da ruwa, yawo yake yi a sama, ya manne wa fata da cikakken ƙarfinsa, don haka a cuɗa shi da sabulun ruwa tukuna. Mai ciki da mai jego su nemi shawarar ma'aikaciyar lafiya, jariri kuwa kada a shafa masa ko kaɗan.

Akwai wani rahoto da ya kamata iyaye su sani. A 2007 likitoci a Amurka sun ba da labarin yara maza uku da ba su balaga ba, waɗanda ƙirjinsu ya fara tasowa kamar na 'yan mata bayan an daɗe ana yi musu amfani da kayan shafa ko na wanka masu ɗauke da man lafinta, kuma kumburin ya saɓe bayan an daina. Masana suna muhawara a kan ko man ne sanadi, amma tunda yaro ba shi da wata buƙata ta wannan mai a kullum, barinsa ya fi.

Labarin ƙuna ya samo asali ne daga wani masanin sinadarai Bafaranshe mai suna Gattefossé, wanda ya ƙone a hannu a ɗakin gwajinsa a 1910, ya yi jinyar ciwon da man lafinta, daga baya kuma ya yaɗa ilmin magani da ƙamshi. Gaskiya ne man yana kashe wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, amma labarin mutum ɗaya bai isa a mayar da shi taimakon gaggawa ba. Idan ruwan zafi ko man suya ya zubo wa yaro, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti, ba tare da an shafa lafinta ko manja ko man goge baki ba. Ga gashi kuma, an yi wani gwaji a Abadin ta Sikotilan a 1998 a kan mutum 86 masu cutar da ke cinye gashi tabo-tabo, inda kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka shafa wa haɗin mayukan ƙamshi suka ga sauƙi, a kan kashi 15 na waɗanda aka shafa wa man surki kaɗai, sai dai lafinta ɗaya ce cikin mayuka huɗu da aka haɗa, kuma cutar daban take da sanƙo. Sauro yana gudun ƙamshin na ɗan lokaci kaɗan, don haka da damina gidan sauro mai magani yana nan a matsayinsa. Mai hawan jini kuma kada ya daina shan maganinsa.

Wajen saye, a duba sunan Lavandula angustifolia a jikin kwalbar, da lambar hukumar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi. Akwai wani barbararren iri da ake kira labandin, wanda ya fi yawan mai kuma ya fi araha, amma ƙamshinsa ya fi kaifi saboda kafur ɗin da ke cikinsa, akwai kuma turaren da aka haɗa a masana'anta wanda bai taɓa ganin fure ba. Ga gwajin da kuke gani ina yi: ɗigo ɗaya a kan farar takarda. Bayan 'yan sa'o'i man gaske yakan bushe ya tafi, wanda aka surka da man girki kuwa yakan bar tabon maiƙo irin na takardar ƙosai. Wannan gwaji surki kawai yake kamawa, ba ya gane na masana'anta.

Zafin Katsina a Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, kuma zafi da haske da iska suna sauya linalul ya koma abin da ke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, shi ya sa ake zuba man a kwalba mai duhu. A ɗaure murfin sosai, kada a bar ta a cikin mota ko a bakin taga, kuma idan ƙamshin ya sauya ya yi tsami a zubar. A ajiye ta a saman kabad ko a cikin akwati mai makulli, ba a kan madubin ɗaki tare da kwalli da hoda ba, inda hannun yaro ke kaiwa. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man na iya faɗawa huhu, kada kuma a ɗura masa manja ko madara da ƙarfi. A goge masa baki, a ɗauki kwalbar a hannu domin likita ya ga abin da ya sha da yawan da ya rage, a tafi asibiti nan take ko da yaron yana wasansa.